Mughal-e-Azam: Me Ya Sa Dattawa Ke Fifita Waƙoƙinsa?

"Assalamu alaikum Baba. Mahaifina kullum cewa yake yi ba a taɓa yin fim ɗin soyayya na Indiya da ya kama ƙafar Mughal-e-Azam ba, musamman wajen waƙa. Na samo shi a waya na kalla, amma gaskiya ya yi mini tsawo, waƙoƙin kuma sanyinsu ya yi yawa har na riƙa tsallake su. Mene ne su suka gani wanda ni ban gani ba? Sannan labarin ya faru da gaske? Kuma na ga akwai mai kala, akwai baƙi-da-fari, wanne ya kamata in riƙe?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayoyinka uku ne, amma ta farko ta fi nauyi, kuma ka riga ka faɗi rabin amsarta da bakinka: ka tsallake waƙoƙin. A fina-finan Indiya da dama za ka iya wuce waƙa ka koma kan labari ba ka rasa komai ba, domin an saka ta ne a huta, ko a ja masu kallo. A wannan fim kuwa manyan maganganun da ke juya labarin a cikin waƙa aka yi su. Wanda ya wuce su ya ga sarki yana fushi, bai ji abin da ya fusata shi ba.

Sana'ata ɗaukar sauti ce da haɗa kiɗa a situdiyo, don haka da kunnen mai wannan aiki zan amsa maka.

Yadda aka yi fim ɗin

An saki Mughal-e-Azam ranar 5 ga Agusta, 1960, amma daraktansa K. Asif ya fara ƙulla shi tun 1944, daga wani wasan kwaikwayo mai suna Anarkali da Imtiaz Ali Taj ya rubuta a 1922. Aikin farko ya rushe. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, mai zuba kuɗin ya ƙaura Pakistan, sannan Chandramohan, ɗaya daga cikin manyan jaruman da aka ɗauka, ya mutu a 1949. Sai da wani attajirin ɗan kwangilar gine-gine, Shapoorji Pallonji, ya karɓi nauyin aka dawo da aikin da sababbin fuskoki: Prithviraj Kapoor a matsayin Sarki Akbar, Dilip Kumar a matsayin Yarima Salim, Madhubala a matsayin Anarkali. An kashe kimanin rupi miliyan 15, kuɗin da babu fim ɗin Indiya da ya taɓa ci kafin nan, kuma shi ya riƙe kambun ciniki har shekara 15, sai da Sholay ya fito a 1975.

Labarin ka gan shi. Ɗan sarki ya dawo daga fagen fama ya faɗa son wata kuyangar fada mai rawa. Uban ya ce kuyanga ba za ta zama sarauniyar Hindustan ba. Aka ɗaure ta, ɗan ya ɗaga takobi a kan uban, aka ci shi da yaƙi, ita kuma ta ba da ranta fansar nasa.

Kiɗan na Naushad ne, mutumin Lucknow, wanda ya riga ya nuna a Baiju Bawra (1952) cewa za a iya gina waƙar fim a kan tsohon kiɗan gargajiyar Indiya talaka ya so ta. Baitocin kuma na Shakeel Badayuni ne.

Wa ke yin waƙa, wa ba ya yi

In ka koma kallo, ga abin da nake so ka fara lura da shi. Fim ne na soyayya, jaruminsa Dilip Kumar, mutumin da Indiya duka ta sani da waƙoƙin baƙin ciki, amma Salim bai buɗe baki ya rera ko baiti ɗaya ba daga farko har ƙarshe. Akbar ma bai yi ba. Babu waƙar saurayi da budurwa suna zagaya bishiya. Cikin masu waƙa a fim ɗin akwai Anarkali, da kishiyarta a neman Yarima wato Bahar, da mawaƙin fada Tansen, da wani talaka mai sassaƙar dutse. Duk mutanen da ba su da ikon tsayawa gaban sarki su yi masa musu ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A fadojinmu ma makaɗi yakan faɗi abin da bafade ba zai iya furtawa ba, ya lulluɓe shi da kirari da habaici, kowa ya gane, babu wanda zai kama shi da laifi. Asif da Naushad a kan wannan suka tsara fim ɗin. Sarki da ɗansa suna da takobi, suna da magana. Kuyanga waƙa kawai take da ita.

Ɗauki "Teri Mehfil Mein Kismat Azmakar". Ƙawwali ce, irin waƙar ja-in-ja da ƙungiya biyu ke yi da tafi da amshi. Shamshad Begum ta ba Bahar murya, Lata Mangeshkar ta ba Anarkali. Bahar tana cewa soyayya wahala ce, mai hankali daga nesa yake kallonta. Anarkali tana cewa rayuwar da babu hawayen so a cikinta ba ta da ɗanɗano. Saurari yadda Naushad ya zaɓi muryoyin: ta Shamshad mai kaifi ce, tana fitowa ta hanci da gadara, ta Lata siririya mai taushi. Ko ba ka jin kalma ɗaya ka san halin kowace. Da aka gama, Salim ya ba Bahar fure, ya ba Anarkali ƙaya, ta karɓa ta ce ita ƙaya ba ta tsoron yanƙwanewa. In ka tsallake waƙar, wannan kyauta da wannan amsa ba su da ma'ana a wurinka.

Sai babbar, "Pyar Kiya To Darna Kya". Kafin ta, Akbar ya fito da Anarkali daga kurkuku bisa sharaɗin ta nuna wa Salim ba ta taɓa son sa ba. Aka kira ta ta yi rawa a gaban fada cike da jama'a, kowa yana zaton ta miƙa wuya. Sai ta tsaya gaban sarki ta rera cewa so ta yi, ba sata ba, to mene ne abin tsoro. Ta zare wuƙar Yarima ta kai ta gaban Akbar, ma'ana ga rai nan, ɗauka. A ƙarshe ta ce tunda ba ta ɓoye wa Allah komai ba, don me za ta ɓoye wa bayinsa. Wannan ce maganar da ta girgiza fadar, domin ta tuna wa mutumin da ƙasa duka ke durƙusa masa cewa shi ma bawa ne. Dubi fuskar Prithviraj Kapoor a lokacin, idanunsa sun yi jawur, ya ɗaga kai sama ya ga yarinyar a cikin ɗaruruwan ƙananan madubai, duk inda ya juya ita ce.

Wannan ɗakin madubai, Sheesh Mahal, gina shi aka yi a situdiyon Mohan da ke Bombai, da gilasan da aka yo odarsu daga Beljiyam, aikin ya ci kusan shekara biyu. Da aka kunna fitilu hasken ya riƙa dawowa cikin kyamara, sai da mai ɗaukar hoto R. D. Mathur ya yi dabarar karkatar da hasken kafin abin ya yiwu. Duk wannan wahala a kan waƙa ɗaya aka sha ta. Mutum ba ya yin haka don abin da yake ganin cikon lokaci ne.

Sanyin da ka ji

Ba kunnenka ne ke da matsala ba. Waƙoƙin da ka saba da su a kan bugu aka gina su: ganga ta fara, ta riƙe ka, murya ta hau kai. Na Naushad a kan raga aka gina su. Raga tsari ne na karin sauti: waɗanne sautuka aka yarda ka taɓa, ta wace hanya za ka hau, ta wace za ka sauko, a kan wanne za ka daɗe. Kowace tana da yanayin zuciya da lokacin da aka san ta da shi, wata ta magariba, wata ta tsakar dare. Mawaƙi ba ya tsalle daga sauti zuwa sauti, zamewa yake yi a hankali, kuma daɗin yana cikin zamiyar. Shi ya sa mai gaggawa yake jin kamar ba a tafiya.

"Mohabbat Ki Jhooti Kahani Pe Roye", wadda Anarkali ta yi a ɗaure, tana kan Darbari Kanada, raga mai nauyi ta tsakar dare da ake danganta ƙirƙirarta ga Tansen a fadar Akbar ɗin nan. Wato Naushad ya sa fursunar sarki ta yi kuka da karin fadar sarkin. Waƙar bankwana, "Khuda Nigehbaan Ho", tana kan Yaman. Ni da kunne da karatu na koyi waɗannan, ban zauna gaban malamin kiɗan Indiya ba, kuma masanansu kan yi saɓani a kan wasu waƙoƙin fim domin masu kiɗan fim suna gauraya raga biyu a waƙa ɗaya. Abin da zan tsaya maka a kai shi ne abin da kunne ke ji.

Wurin da na fi so ka koma shi ne daren lambu, inda Salim ke shafa fuskar Anarkali da gashin tsuntsu. Babu mai magana. Daga nesa Tansen yana rera "Prem Jogan Ban Ke" a kan raga Sohni, ta ƙarshen dare. Muryar ta Ustad Bade Ghulam Ali Khan ce, babban malamin waƙar gargajiya wanda yake ganin waƙar fim ƙasƙanci ce. Labarin da ya shahara shi ne, don ya kori Asif sai ya yanka masa rupi 25,000 a kan kowace waƙa, a zamanin da Lata da Mohammed Rafi ke karɓar 'yan ɗaruruwa. Asif ya ce ya saya. Waƙa biyu ya yi a fim ɗin. A wannan fage muryar dattijon ce ke yin duk abin da masoyan ba su yi ba: tana hawa, tana roƙo, tana karyewa, su kuwa ko motsin kirki babu. Abin mamaki, Dilip Kumar ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa lokacin da aka ɗauki wannan fage shi da Madhubala ko gaisawa ba sa yi. Soyayyarsu ta gaske ta riga ta watse bayan shari'ar fim ɗin Naya Daur, inda ya ba da shaidar da ta saɓa wa ɓangaren mahaifinta.

Ga kuma abin da sai mai aikin sauti zai damu da shi. A yau nakan ɗauki murya ita kaɗai, in gyara inda ta kauce a kwamfuta, in jera kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, in danna maɓalli in ƙara amsa-kuwwa yadda nake so. A shekarun 1950 mawaƙiya da masu goge da masu tabla (ƙananan gangunan Indiya) da 'yan amshi duk a ɗaki ɗaya suke, lokaci ɗaya. Mutum ɗaya ya yi kuskure a minti na biyar, kowa ya koma farko. Ƙarfin kowane kayan kiɗa da nisansa daga makirfo ake daidaita shi. Na'urar amsa-kuwwa irin tamu babu, shi ya sa ake ba da labarin cewa a banɗakin situdiyo Naushad ya sa Lata ta rera wani sashe na waƙar ɗakin madubai, don bangon ya maido da muryar kamar a babban zaure. A "Ae Mohabbat Zindabad", wadda Rafi ya rera wa mai sassaƙa lokacin da ake shirin kashe Salim, 'yan amshi kusan 100 aka tara. Idan na saka wa yaran da ke koyon aiki a wurina waɗannan waƙoƙi, abin da nake ce musu su saurara shi ne numfashi: inda Lata ke jan iska, da yadda masu goge ke jiran ta su sauka tare. Kiɗan yana bin mawaƙiya ne, yana jinkirtawa in ta jinkirta. Namu na yanzu mawaƙi ne ke bin bugun inji, kuma wannan sassauci shi ne abin da muka rasa.

Wannan duka lasifikar waya ba ta fitar da shi. Tana yanke ƙasan sauti, ta bar maka siririyar murya tsirara.

Abin da ya taɓa zukatan iyayenku

Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya Arewa. Tsarar mahaifinka sun kalle su babu fassara, babu rubutu a ƙasa. Wanda ba ya jin harshe dole kari da fuska su zama masa tafinta, don haka kunnensu ya horu da abin da naku bai horu da shi ba. Ga shi kuma labarin na uba ne da ya hana ɗansa wadda yake so saboda asali, abin da kowane gari namu ya san irinsa.

Akwai kuma "Bekas Pe Karam Kijiye". Anarkali tana cikin mari a kurkuku, ta yanke ƙauna daga sarki da yarima, sai ta juya tana kiran Shugaban Madina, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana neman a dubi maras gata. Bege ne sosai, a kan raga Kedar, kuma Lata wadda ba Musulma ba ce ta rera shi da ladabin da ya kamata. Wanda ya tashi a garin da masu bandiri ke ɗaukar karin waƙoƙin Indiya su ɗora yabon Annabi a kai ba zai ji wannan waƙa baƙuwa ba. Sarƙoƙin da ke jikin Madhubala a wannan fage na ƙarfen gaske ne, Asif ya ƙi na bogi, alhali tana fama da ciwon zuciya da aka haife ta da shi. Shi ya yi ajalinta a 1969, tana da shekara 36. Ina ganin wannan a matsayin rashin tausayi daga darakta, ko da kuwa nauyin da ake gani a tafiyarta ya fito da gaske.

A ɗaya gefen, waƙar farko ta Anarkali, "Mohe Panghat Pe", a bikin haihuwar Krishna aka yi ta, abin bautar Hindu, domin matar Akbar a fim ɗin, Jodhabai, Hindu ce. Lachhu Maharaj ya tsara rawar, salon Kathak. Ka tuna fim ɗin ya fito shekara 13 kacal bayan rabuwar da aka zubar da jinin ɗimbin Musulmi da Hindu da Sikh. Darakta, mai kiɗa, marubucin waƙa da masoyan biyu duk Musulmi ne (sunan Dilip Kumar na yanka Muhammad Yusuf Khan, Madhubala kuma Mumtaz Jehan), mai fitowa a sarki da babbar mawaƙiyar Hindu ne. Saka bikin Hindu da begen Annabi a fim ɗaya magana ce suka yi wa ƙasarsu da gangan.

Ya faru da gaske?

Mutanen na gaske ne, soyayyar ce babu tabbas. Akbar ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. An haifi Salim a 1569, bayan uban ya je neman addu'a wurin Shaihu Salim Chishti, wanda aka sa wa yaron sunansa, kuma ya gaji sarauta da laƙabin Jahangir. Ya yi wa ubansa tawaye, wannan gaskiya ne, ya kafa tasa fadar a Allahabad, har ya sa aka kashe aminin uban, Abul Fazl, a 1602. Amma gaggawar hawa gado ce ta sa shi, kuma ba su gwabza irin yaƙin da fim ya nuna ba. Sunan Anarkali bai zo a Akbarnama, littafin tarihin mulkin Akbar, ba, bai zo a littafin da Jahangir ya rubuta na rayuwarsa ba. Wani ɗan kasuwar Ingila, William Finch, wanda ya je Lahor wajen 1611, shi ya fara rubuta labarin matar da aka gine da ranta a bango, kuma a nasa zancen matar Akbar ce. A Lahor har yau akwai hubbaren da ake kira na Anarkali da tsohuwar kasuwa mai sunanta.

Ƙarshen fim ɗin kuma ƙirƙirar Asif ce. A wasan Imtiaz Ali Taj mutuwa ta yi. A fim, uwarta ta kawo zoben da Akbar ya ba ta ranar da ta yi masa albishir da haihuwar Salim, sai ya fitar da su ta hanyar ƙarƙashin ƙasa a asirce, bisa sharaɗin Salim ya ci gaba da zaton ta mutu. Ni ban gamsu da wannan ba. An yi shi ne don a wanke Akbar, wanda da laƙabinsa aka sa wa fim ɗin suna, kuma yarinyar da ta tsaya gaban fada ta yi waccan waƙa ta fita ba ta ce uffan ba. Tsawon ma ba ka yi ƙarya ba: ya haura awa uku, kuma salon Prithviraj Kapoor na dandamali ne, yana magana kamar mai shela. Harshen ma Urdu ce mai zurfi ta fada, wadda fassarar ƙasan allo ke kashe mata armashi. Ko a lokacinsa ba kowa ya ba shi haƙƙinsa ba. Ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon fim, amma ta kiɗa ta kuɓuce wa Naushad, aka ba Shankar da Jaikishan.

Mai kala ko baƙi-da-fari

Na asali baƙi-da-fari ne, sai wasu sassa kaɗan da aka ɗauka da Technicolor, cikinsu har da waƙar ɗakin madubai. Da Asif ya ga yadda kalar ta fito ya so ya sake ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya, masu rarrabawa suka ce sun gaji da jira. Ya mutu a 1971 bai ga burinsa ba. A Nuwamban 2004 aka sake sakin fim ɗin bayan an shafa masa kala da kwamfuta, aka ware muryoyin asali aka sake ɗaukar kiɗan da ke ƙarƙashinsu, Naushad yana raye a lokacin, kuma an ɗan rage tsawonsa.

Tunda tsawo ya dame ka, fara da mai kalar, ya fi sauƙin shiga ga wanda bai saba ba, sautinsa kuma ya fi tsabta. Amma na asalin ne zaɓina, saboda dalili biyu. Mathur don baƙi-da-fari ya tsara haskensa, kuma a daren lambu da fagen kurkuku inuwar da ke kan fuskar Madhubala ita ce rabin aikin, kala tana dusashe ta. Na biyu, a na asali ka shafe fiye da awa ɗaya idonka ya saba da toka-toka, sai kala ta buɗe daidai lokacin da kuyangar ta shigo ta fuskanci sarki. A na 2004 komai mai kala ne tun daga farko, don haka wannan bugun zuciyar babu shi.

Kowanne ka ɗauka, raba shi zama biyu, ka tsaya bayan waƙar ɗakin madubai. Sa abin ji na kunne mai kyau ko ka haɗa da babbar lasifika, ka nemi wanda aka fassara baitocin waƙoƙinsa a ƙasa, domin wasu kwafin maganganu kawai suke fassarawa su bar waƙa haka nan.